Matakala Uku a Bayan Jirgi

Bitrus ya yi mini ƙarya, kuma ban ga dalilin da zai sa in rufa masa asiri ba. Ya rubuto mini a waya cewa gida ne a bakin teku a ƙasar Girka, mai ɗakuna uku, mako biyu kacal, in zo in zauna da uwarsa domin ta daina gane kowa, sunana kaɗai take kira. Ni na karanta saƙon da idona. Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya a cocinmu na Sabon Gari, na zauna a bencin yara gwiwoyina na neman taɓa haɓata, na koyi karatu don kada wani ya ƙara karanta mini abin da ba shi ke cikin takarda ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai rubutun da kansa zai iya zama maƙaryaci ba.

Bari in faɗa muku ko su waye. Ina 'yar shekara goma sha biyar aka kai ni aiki gidan wasu Turawan Ingila a Samaru. Maigidan malamin aikin gona ne, matarsa Madam Helin. A shekarar da na je ta haifi ɗanta ɗaya tilo, Pita, mu kuwa a gidan Bitrus muke ce masa. A bayana ya girma. Da shi a goye nake daka, da shi nake zuwa kasuwar Samaru, ya yi mini fitsari a baya ya fi a ƙirga. Madam ta iya Hausa irin wadda in tana ciniki da masu tumatir sai su ce mata, "Haba Baturiya, ke ba ki tausayi?" Bitrus na da shekara goma sha biyu suka koma ƙasarsu. Ni na yi aure, na haihu, mijina ya rasu, na kafa teburin kayan miya a kasuwar Sabon Gari, ina zaune a Jushi. Duk Kirsimeti sai wasiƙar Madam ta zo, har shekarar da ta daina zuwa.

Abu ɗaya kuma da Bitrus ya sani sarai: ni ba na shiga ruwa. Ƙanena Yohanna a rafin Kubanni ya tafi, da damina, ina tsaye a bakin gaɓa da kwanon wanki a kaina. Tun ranar ko gada zan haye a mota sai na rufe ido.

Tasharmu ta farko wani gari ne da ake kira Lefkada. Na rubuta sunan a littafina, kamar yadda na rubuta na kowane wuri, don in na mutu a can yarana su san inda za su ce uwarsu ta ƙare. Mota ta sauke mu a bakin ruwa, ina ta dube-duben gidan. Sai Bitrus ya nuna mini wani farin jirgi a cikin jerin jirage, tsawonsa bai wuce na motar haya doguwa ba, da wata sanda a tsakiya ta yi sama kamar ta tuta.

"Yaya Hannatu, ga gidan."

Hausarsa ta tsaya a inda ya bar ta, Hausar yaro ce a bakin mutum mai furfura a gemu.

Na ce, "Bitrus, wannan gida ne?"

"Akwai ɗaki uku a ciki, da kicin, da bayi."

"Na tambaye ka, gida ne?"

Ya sunkuyar da kai yadda yake yi in ya saci sukari. "In na ce jirgi, ba ki zuwa."

"To ka san ba na zuwa, ka kawo ni."

Da na san hanya da a nan zan juya. Amma sai na ji murya daga cikin jirgin, ƙanƙanuwa, tana rawa: "Hannatu, ke ce? Ina kika shiga tun safe?" Na leƙa. Madam ce a zaune an lulluɓe mata gwiwa da bargo. Matar da na sani doguwa, mai tafiya kamar soja, ta dawo ba ta fi rabin buhun masara ba. Shekara talatin da ɗoriya ba mu ga juna ba, ita kuwa a wurinta tun safe ne na fita.

Tsakanin ƙasa da jirgin wani falanki aka gitta, faɗinsa bai kai taki ɗaya ba, ruwa baƙi ƙirin a ƙarƙashinsa yana motsi. Suzan, matar Bitrus, ta haye shi da kofin shayi a hannu tana magana. Ni da rarrafe na haye, hannu da gwiwa, mace mai jikoki bakwai, Turawa na zaune a gidajen abinci suna kallo. Matuƙin jirgin, wani Bagirke mai suna Yorgo, gajere mai ƙonannar fata, bai yi dariya ba. Ya karɓi fasfona ya haɗa da na sauran ya kulle a wata 'yar durowa, ya ce haka doka take. Wannan ma bai yi mini daɗi ba.

A ranar Bitrus ya faɗa mini abin da ya kawo su. Ya nuna mini wani tsohon hoto: Madam da maigidanta suna matasa, a cikin ƙaramin jirgi, bayansu wani lungun teku mai fararen duwatsu. A nan suka yi hutun aurensu. Ya ce in ta ga wurin wataƙila wani abu zai buɗe a kanta. Bai ƙarasa ba, amma na gane. Shekara biyu ke nan ba ta kira sunansa ba. Direba take ce masa. Turancin ma ya zube mata, Hausa ce ta rage.

Washegari muka tashi. Ba zan iya ba ku labarin kyaun tekun nan ba, domin yawancinsa a cikin bokiti na gan shi. Da safe ruwan na kwance kamar an shimfiɗa leda. Rana na karkatawa sai iska ta taso, Yorgo da Bitrus su ja igiyoyi, wasu manyan ƙyallaye su buɗe a jikin sandar nan, jirgin ya kwanta a gefe ɗaya ya kama gudu. Tukwane na ƙara, ƙofofi na bugawa, ƙasan da kike takawa ya koma bango. Su a wurinsu wannan ne daɗin. Suzan na ihu tana ɗaukar hoto. Ni ina manne da ƙarfe ina karanta Zabura ta ashirin da uku, in na kai ƙarshe in sake daga farko. Na yi kewar ƙurar Sabon Gari, na yi kewar masu keke napep da nake zagi kullum, na yi kewar kwatar da ke gaban teburina. Kome nake so, muddin ba ya motsi.

Tasha ta biyu tsibiri ne, Meganisi. Ba mu shiga gari ba, a wani lungu Yorgo ya jefa ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe muka tsaya a tsakiyar ruwa. A nan na ga abin da ya mantar da ni amai.

Wajen ƙarfe huɗu Madam ta fara mutsu-mutsu. Ta dubi inuwa, ta yaye bargon, ta miƙe. Ta nufi bayan jirgin. A bayan akwai matakala uku, ta ukun daidai take da ruwa, nan suke sauka in za su yi wanka. Wata 'yar waya ce kawai aka gitta a bakin wurin, mai ƙugiya. Madam ta sa yatsu ta ɓalle ta kamar kullum take yi.

Bitrus ya yi tsalle don murna. "Suzan, duba! Ta tuna! Tana son ta yi iyo!"

Ya riƙe hannunta, ta tsoma ƙafa, ya dawo da ita yana ta dariya idonsa da hawaye. Ni ban yi dariya ba, domin na ji abin da take faɗi ƙasa-ƙasa. Cewa take, "La'asar ta yi, tumatir zai bushe."

A gidan Samaru, ƙofar bayan kicin tana da sakata ta ƙugiya da matakala uku na siminti. Kullum da la'asar, shekara goma sha biyu, Madam za ta ɓalle ƙugiyar, ta sauka ɗaya, biyu, uku, ta taka ƙasa, ta ba lambunta ruwa. Ba ta taɓa bari mai gadi ko ni mu yi mata ba. Matar nan ba iyo za ta ba. Lambu za ta, kuma bayan matakala ta uku ƙasa take sa ran takawa.

Na faɗa wa Bitrus. Ya ce, "A'a, Yaya, Mama ta san jirgi tun tana yarinya." Na ce, "Wadda ta san jirgi ta tafi. Wannan da ke gabanka a Samaru take." Ya ce za a sa mata rigar ceto. Aka sa mata, ta yi ta kuka tana fizga, tana cewa an ɗaure ta za a kai ta asibiti, har ta yage fatar hannunta. Aka gwada wata ɗamara mai igiya da ake maƙalawa a jikin jirgi, ta ɓalle ta kafin Yorgo ya juya baya. Kanta ya manta kome, amma yatsunta ba su manta ƙugiya ba.

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauko zanena na atamfa mai ƙarfi, na zagaya ƙugunta da shi, na zagaya nawa, na yi ɗaurin goyo, irin wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Ba ta yi gardama ba. Ta shafa zanen, ta sunsuna, ta ce, "Wannan a wurin Inyamurin nan na layin 'yan atamfa kika saya?" Na ce, "A can ne, Madam." Muka zauna kafaɗa da kafaɗa. In ta miƙe sai in ce, "Na riga na ba su ruwa." Ta harare ni ta ce, "Ke ba ki iya ba, kina zubawa a kan ganye." Amma ta zauna. Haka muka yi kwana biyu, da shi muke barci.

Tasha ta uku Itaka, ƙaramin gari mai gidaje a jikin tudu. A nan aka ɗaure jirgin a bakin gaɓa, aka gitta falankin. Yorgo da Bitrus suka tallabi Madam suka haye da ita, ni na bi da rarrafena. Da na taka ƙasa sai ƙasar ma ta riƙa lilo da ni, na zauna a gefen hanya. Su Bitrus suka tafi kallon wani abu a kan tudu, suka bar mu.

La'asar ta same mu a wani siririn lungu. Madam ta fara waige-waige, tana jan hannuna. Sai ga wani gida mai shuɗiyar ƙofa, an jera tsofaffin gwangwanayen mai a gabansa, kowanne da shuka: tumatir, barkono, da wani ganye mai ƙanshi kamar ɗoɗɗoya. Madam ta tsaya cak. Ta durƙusa ta tsoma yatsa a ƙasar gwangwani, ta ce, "Kin gani? Ta bushe ƙaf."

Wata tsohuwa da baƙaƙen kaya ta fito. Na shirya jin faɗa, domin ni in wani ya taɓa mini kaya a kasuwa ba na raga masa. Ta dubi Madam, ta dube ni. Ta koma ciki ta fito da butar ban ruwa ta miƙa wa Madam. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Katina." Na dafa nawa na ce, "Hannatu." Ta kawo mini kujera da burodi da rabin lemun tsami, ta nuna cikina, ta nuna teku, ta yamutsa fuska. Madam ta bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, a gindi take zubawa, tana yi musu magana. Da ta gama ta zauna a dokin ƙofa ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta kwanta yadda ban gani ba tun zuwana. A jikin ƙofar akwai ɗan allo da rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi, a ƙasa kuma da Turanci. Na haɗa baƙaƙen a hankali: ana ba da hayar ɗaki.

Da yamma a wurin cin abinci aka tayar da maganar zanen. Suzan ce ta fara, Bitrus na fassara mini abin da Turancina bai kamo ba. Ta ce mutanen jirgin da ke kusa da mu sun yi ta kallo, wata mata har ta tambaye ta me ya sa aka ɗaure tsohuwa. Ta ce a ƙasarsu laifi ne a ɗaure tsoho, wulaƙanci ne, ba akuya ba ce.

Na ce, "Faɗa mata mijinta ya yi shekara uku a ɗaure a bayana da irin wannan zanen. Ta dube shi, ta ga ya zama akuya?"

Bitrus bai fassara ba.

Yorgo ya yi magana, shi kuwa tasa tana da ma'ana. Ya ce ƙullin da ba ya kwancewa da sauri ba a yin sa a jirgi. In ɗaya ta faɗi za ta ja ɗayar, ga shi ni ban iya ruwa ba, sai a rasa biyu maimakon ɗaya.

Na ce, "Na sani. Amma ka dube ni ka dube ta. Ita za ta ja ni?"

Ya dube ni sama da ƙasa, gefen bakinsa ya motsa.

Bitrus ne ya yanke. "Yaya, gobe ba zane. Mu uku ne, za mu duba ta. Ke kin gaji, ki huta."

"Bitrus, da la'asar iska ke tashi, da la'asar ita ma take tashi. Ku uku duk igiya kuke ja a lokacin."

"Mamana ce," in ji shi.

"Na sani. Ina gidan aka kawo ka daga asibiti."

Amma uwarsa ce, jirginsu ne, fasfona na cikin durowarsu. Na kwance zanen.

Washegari da hantsi muka kama hanyar wani babban tsibiri, Kefaloniya, inda lungun hoton nan yake. Tun kafin azahar ruwan ya canja launi, ya yi duhu, kansa ya yi fari-fari. Na yi amai har ba abin da ke fitowa sai ɗaci. Suzan ta ba ni wata 'yar ƙwaya, ta ce ta tashin zuciya ce, ta ce in sauka in kwanta, ita za ta zauna kusa da Madam. Da zuciya ɗaya ta ba ni, ba zan yi mata sharri ba. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne ƙwayar tana sa barci.

Ihu ne ya tashe ni, ihun murna. Na buɗe ido na ga hasken da ke shigowa ta 'yar tagar ya yi ja-ja, irin na la'asar.  Jirgin ya kwanta sosai, na hau matakalar ciki da rarrafe, kaina kamar an cika shi da auduga.

Abin da na gani ke nan. Yorgo da Bitrus suna can gaba wajen sandar, suna kokawa da ƙyallen suna rage shi, an bar sitiyari a hannun na'urar da ke riƙe hanya. Suzan ta jingina a gefe da wayarta, wasu manyan kifaye na tsalle kusa da jirgin, su take ɗauka tana kiran mijinta ya duba. Inda Madam take zaune bargo ne kawai.

Tana baya. Wayar nan na lilo a ɓalle. Ta riga ta sauka ta ɗaya, tana kan ta biyu, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ƙafarta na laluben ta uku. Bayanta ba kome sai ruwa yana tafasa yana gudu.

Ihu ya zo mini har maƙogwaro na haɗiye shi. Na san ta: in aka firgita ta sakin abin da ke hannunta take yi, kofuna nawa ta fasa a Samaru saboda haka. Sai na yi magana da muryar kicin, kamar ina yanka albasa.

"Madam, kin fita ba bokiti."

Ƙafar ta tsaya. Ta waiwayo. "Af. To kawo mana, kin tsaya kina kallona."

"Ga shi nan, ina tarawa. Famfon ba ƙarfi yau."

"Kullum sai da la'asar suke rage shi," in ji ta.

Ina magana ina rarrafe, ina kwance zanen da ke jikina da hannu ɗaya. Tsakanina da ita bai fi taki biyar ba, amma na ga Kubanni a wurin, na ga kan Yohanna yana nitsewa yana ɓullowa, na ji kwanon wankin a kaina. A wancan karon tsayawa na yi. Na isa bakin matakalar na zauna daɓas, na tokare ƙafafuna hagu da dama, na wurga zanen ta bayanta ya shiga ƙarƙashin hammatarta, na naɗe bakinsa biyu a hannuwana.

Ban gama naɗewa ba igiyar ruwa ta daki jirgin. Ƙafafunta suka tafi. Na ji nauyinta ya faɗo a hannuna gaba ɗaya, ruwa ya kama ta daga ƙugu zuwa ƙasa yana ja kamar mutum goma. Na kwanta da baya. A nan ne na yi ihun, kuma ba sunan kowa na kira ba sai na Yesu. Zanen na cin naman hannuna, ina jin gwiwata ta hagu tana ƙara, ruwan gishiri na shiga mini hanci. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji jirgin ya juya ya miƙe, ƙyallaye na kaɗawa kamar harbi, sai ga hannun Yorgo ya wuce ta kaina ya damƙi Madam a wuyan riga.

Muka zube a tsakar jirgin, ni da ita, jiƙe sharkaf. Suzan na kuka tana faɗin abu ɗaya tana maimaitawa. Bitrus ya durƙusa yana taɓa fuskar uwarsa. Ita kuwa ba shi take kallo ba. Ta dube ni, leɓenta ya yi shuɗi, ta ce, "Hannatu, ruwa ya ci lambun."

Na ce, "Ya ci, Madam."

"Duka?"

"Duka. Za mu dasa wani."

Yorgo bai tambayi kowa ba, ya juya jirgin muka koma Itaka, nan ya fi kusa. Likita ya zo ya duba ta, ya ce sanyi ne da ƙujewa, ya naɗe mini hannuwa. Da dare Bitrus ya same ni a zaune kusa da ita tana barci. Ya yi kuka, ya ce na ceci uwarsa, ya ce ya yi kuskure. Na jira, domin na san yaron nan, in ya fara da kuka akwai abin da ke biye.

"Yaya, wurin hoton saura tafiyar rabin yini. Mun zo kusa. Gobe za mu ba ta maganin barci da rana, mu rufe ta a ɗaki har mu isa. Ki ɗaura zanen ma in kina so."

"Ka rufe ta a ɗaki, ka ɗirka mata magani, don ta ga duwatsu."

"Wataƙila ta tuna ni."

"Wataƙila kuma gobe hannuna ya kasa. Dube shi."

Ya dubi bandejin, ya kau da kai. Ya ce, "Sau ɗaya kawai nake so ta kira sunana." Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma na ga bai fasa ba, kuma ba zai fasa ba. 

Gari na wayewa na tashi. Na yi wa Madam wanka da ruwan ɗumi, na sa mata riga, na haɗa magungunanta da kayana a jaka ɗaya. Na sami Yorgo a waje yana shan kofi. Na miƙa masa hannu na ce, "Fasfo. Nawa da nata." Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin su Bitrus. Ya shiga ya buɗe durowar ya kawo guda biyu. Ya ɗauki jakar ya wurga ta kan gaɓa, sannan ya je ya taka bakin falankin da ƙafarsa don kada ya yi rawa.

Na durƙusa a gaban Madam na ba ta baya. "Hau, Madam."

"Ina za mu?"

"Lambu."

Ta kwanto a bayana, ta zagayo wuyana da hannu. Na yafa zanen, na ja shi ta ƙarƙashin cinyoyinta, na ɗaure sama, na ɗaure ƙasa, na ƙara da ɗankwalina a matsayin majanyi. Na miƙe. Gwiwar hagu ta yi ƙara amma ta ɗauka.

Da goyo ba a rarrafe. Na tsaya a bakin falankin, ruwan nan baƙi yana motsi a ƙasa. Na kafa idona a kan shuɗiyar ƙofar Katina da nake hangowa a bakin lungu, na sa ƙafar dama.

Ina tsakiya na ji ƙofa ta buɗe a bayana. "Yaya Hannatu! Yaya, me kike yi?"

Ban waiwaya ba, wanda ke kan falanki ba ya waiwaye. Sai Madam ta matso da bakinta kusa da kunnena, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta ce, "Hannatu, ina Bitrus? Kin bar mini yaro shi kaɗai a gida?"

Na tabbata Bitrus ya ji sunansa.

Na ce, "Yana nan bayanmu, Madam. In yana da hankali zai biyo mu."

Na ƙara taki biyu na taka ƙasa. Na sunkuya na ɗauki jakar, na gyara goyona, na miƙe lungun har ƙofar Katina, na ƙwanƙwasa.